Yadda na kwashe Windows daga tsohon faifai zuwa ƙaramin SSD

Laftof ɗina ta kai matsayin da idan na kunna ta sai in tafi in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Na sayi SSD, wato faifan ajiya mai sauri, mai giga 256, alhali tsohon faifan ajiyar giga 500 ne. Ban so a sake zuba min sabuwar Windows, domin akwai manhajojin da na sha wuya kafin na daidaita su, sai na ce bari in kwafe faifan gaba ɗaya da hannuna.

Na sa Clonezilla, manhajar kwafe faifai, da GParted, manhajar gyara rabe-raben faifai, a filas guda ta hanyar Ventoy, wadda ke ba da damar tayar da kwamfuta da su daga filas, dukkansu kyauta ne. Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a Taiwan, wurin da ke da bayanai kaɗai take kwafewa, don haka na ɗauka kayana na giga 150 za su shige ba gardama. Ta ƙi. Ashe girman fatishan, wato yankin da aka ware a faifai, take dubawa, ba abin da ke cikinsa ba. Dole in fara rage C, fatishan ɗin da Windows ke ciki.

Kafin in taɓa komai na ɗauki cikakken kwafin faifan na adana a wani faifai na waje. Wannan ya ci min kusan awa biyu, kuma ban yi nadamarsa ba, domin ana tsakiyar rage fatishan ɗin aka ɗauke wuta. Batir ne ya rufa min asiri. Da kwamfutar tebur ce, da labarin ya bambanta.

GParted ma da farko ta nuna alamar gargaɗi a jikin C. Dalilin shi ne Windows ba ta mutuwa gaba ɗaya idan tsarinta na saurin tashi yana kunne. Na koma na kashe shi, na tabbatar BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, ba ya aiki, sannan ta yarda. Na rage C zuwa giga 200, tunda SSD mai 256 kusan 238 ne kawai a lissafin kwamfuta. Akwai kuma ɗan fatishan na farfaɗo da Windows can a ƙarshen faifan, shi ma sai da na jawo shi kusa da C.

Inda gabana ya fi faɗuwa shi ne wajen zaɓen faifan da za a kwafa da wanda za a rubuta a kai. Babu C babu D a Clonezilla, sunayen faifan su ne sda da sdb, kuma idan ka juya su ka shafe kayanka da faifan da babu komai. Na kai yatsa jikin allon ina karanta girman kowanne, sau uku. Na shiga sashen ƙwararru na zaɓi -icds don ta daina duba girman faifai, sannan na danna y sau biyu don tabbatar da amincewata.

Tsohon faifan yana cikin durowa, ban goge shi ba sai da SSD ɗin ya yi wata guda yana aiki lafiya.