Ranar da Na Huda Ƙasan Akori-kurar Baba

Motar da Baba ya bar mana Fijo ce 404 akori-kura, mai giyar hannu, wato sandar giyar tana maƙale a wuyan sitiyari. Tun 1960 Peugeot ya fara fitar da 404 a Faransa, amma a wajenmu ba tsohon yayi ba ce, ita ke ci da gida. Masara da waken da take kwasowa daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau su suka biya mini kuɗin makaranta.

Da ta dawo hannuna, sandar ta riga ta fara lilo. In za ka sa lamba biyu sai ka yi ta lalube kamar mai neman ashana a duhu. Ga abokai a tasha suna tsokanata da "direban motar dattawa", domin nasu 504 ne masu giyar ƙasa, wato sandar tana fitowa daga ƙasan mota. Zafin tsokanar nan, in faɗi gaskiya, ya fi lilon sandar damuna.

Na je wurin tsohon bakaniken Baba na ce a mayar mini da ita giyar ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, bari mu leƙa ƙarƙashi tukuna." Na ce, "Baba, ai na san ciwonta." Na ja motata na yi gaba.

Ƙannena masu sha'awar irin wannan aiki, ku fara sanin abin da ni ban sani ba a lokacin. Giyar hannu ba ta taɓa giyabos kai tsaye. Saƙo biyu take aikawa ta wasu siraran ƙarafa: ɗaya ya zaɓi layi, ɗaya ya tura giyar ta shiga. A gaɓoɓinsu akwai 'yan bushin, wato ƙananan zobba masu hana ƙarfe lilo, su ne ke cinyewa da shekaru, kuma 'yar cinyewar da ba ta kai ƙwayar gero ba a ƙasa, kafin ta iso hannunka ta zama lilo mai faɗin tafi. Sau da yawa giyabos ɗin lafiyarsa lau.

Ni kuwa Ƙofar Ruwa na nufa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano. Kayan 504 ba su da wuyar samu, tunda a Kaduna aka riƙa harhaɗa Fijo daga 1975. Sai dai don rowa, sandar kaɗai na saya, na bar ƙarafanta da mazauninta. Na kai wa wani yaro mai walda, na nuna masa wuri da yatsa, ya sa wuta ya huda. Ba mu auna komai ba. Ko batir ba mu cire ba, kuma sai daga baya na ga tiyon fetur bai fi taki guda da inda tartsatsi ke zuba ba. Allah ne dai Ya tsare.

Ramin ya yi baya da yawa. Kujerar gaba doguwa ce, ta mutum uku, don haka in na ja lamba biyu ko huɗu sai sandar ta daki katifa kafin giya ta zauna. Muka ƙara yanka. Yaron motata kuma ya rasa inda zai sa ƙafa, ya koma kan buhuna.

Babban kuskuren shi ne mun walde gindin sandar a jikin bodi. Inji da giyabos a kan roba suke zaune, suna ɗan motsawa duk lokacin da ka taka totur ko ka faɗa rami, bodi kuwa yana nan inda yake. In ɗaya ya motsa ɗaya bai motsa ba, giya za ta fice. Ranar wata kasuwa, da buhu goma a baya, ina tsakiyar hawa lamba uku ta yi tsalle ta koma firi. Inji ya kwarma ihu, mota ta rasa ƙarfi a hannuna, ta fara silalowa baya. Yaron ne ya diro ya danna dutse a bayan taya. Mazaunin sanda a jikin giyabos ake ɗaure shi, su riƙa motsi tare. In dole sai kun canja, ku sayi kayan gaba ɗaya daga mota guda, ku ɗaura su daga ƙasa, ku saita ƙarafan giya tana firi, sannan ku ga inda sanda za ta ɓullo kafin wuta ta taɓa ƙarfe.

Ramin ma da tsumma na toshe shi. Ƙura da zafi na iya jurewa, amma ciwon kan da nake dawowa da shi kullum hayaƙin salansa ne, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari, tana iya sa mutum gyangyaɗi a kan sitiyari. Robar wuyan sanda ba ado ba ce.

Bayan wata biyu na koma wurin tsohon, kunya kamar ƙasa ta tsage. Bai ce uffan ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Da ya fito ya zuba mini bushin uku a tafin hannu, duk sun narke kamar tsohon silifa, ya kuma nuna mini robar giyabos da ta tsage. Kuɗin gyaran bai kai na buhun masara ba. Ya mayar da giyar hannu, ya like ramin da faranti, kuma har yau in yaron mota ya ɗaga tabarmar ƙafa sai ya tambaye ni waye ya yi wannan ɗanyen aiki.