Allon da ya shekara uku yana ba ni kunya a Samaru

Ranar Asabar da ta wuce ɗan ƙanwata ya shigo shagona da takardar neman aikin koyarwa a wayarsa, wai in buga masa. Na ce ya miƙo in duba. Ya ce, "Kawu, ba sai ka wahala ba, ko kalma ɗaya wayar ba ta ja wa jan layi ba." Na dai karɓa. A layin farko ya rubuta "Dear Principle". Ƙasa kaɗan ya ce shi "formally" malamin firamare ne. Can kuma yana fatan gina "carrier" a harkar koyarwa. Wato aƙida ya gaisar a maimakon shugaban makaranta, wanda shi ne principal. Inda yake nufin "a da", formerly, ya rubuta "a hukumance". Career kuwa, sana'ar da mutum zai rayu a kanta, ya mai da ita kariyar keke.

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai allon shagona ya faɗo mini a rai.

Zamanin Abacha na buɗe wannan shago a kan titin Sakkwato, a Samarun Zariya, ba nisa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Biro, fayil, littattafan rubutu, da tafireta biyu. A lokacin "Bature" ake kirana a unguwarmu ta Tudun Wada, don ni nake rubuta wa mutane wasiƙa da takardar koke, kuma sunan ya shiga kaina sosai. Na je Sabon Gari wurin mai fenti ya yi mini allo. Bawan Allah ya riƙe buroshi ya ce, "Oga, da A ne ko da E?" Na ce masa shi fenti ya sani, ya bar mini Turanci. Ya rangaɗa STATIONARY da jan fenti, manya-manyan haruffa, na biya shi har da na goro.

Shekara uku allon nan yana rataye. A Samaru fa, inda in ka jefa tsakuwa sai ta faɗa kan mai digiri! Ɗalibai na wucewa suna murmushi, ni kuma ina ɗauka farin jini ne. Sai ran nan wani dattijon malamin jami'a da ke sayen takarda a wurina ya ce, "Malam, shagon nan naka ya cika alkawari, kullum na zo yana nan inda yake, bai motsa ba." Na yi dariya ban gane ba. Ya juya bayan rasit ya rubuta kalmomi biyu. Stationary, abin da ke tsaye wuri ɗaya. Stationery, kayan rubutu. Ya tafi abinsa.

Kun san abin da na yi? Ban sauke allon ba sai bayan watanni, don saukewar na nufin maƙwabta su tambayi dalili.

To amma a yi mini adalci. Mu da Hausa muka tashi, wadda yadda ka furta haka za ka rubuta. Turanci kuwa haruffa 26 gare shi, sautuka kuma kusan 44, don haka dole a yi ta aron hannu. Sight, site da cite furucinsu ɗaya sak, amma na farko gani, na biyu fili, na uku ambaton madogara. Su kansu 'yan Ingila suna rikita their da there. Daga baya ma na gano kalmomina biyu tushensu ɗaya: a zamanin da, mai sayar da littattafai da ke da tsayayyen wuri, ba mai yawon talla ba, shi ake kira stationer, kayansa kuma stationery. Ka ga ashe ban yi nisa da gaskiya ba. Haka nake lallashin kaina in na kwanta. Sai dai mai fentin ya tambaye ni, kuma ƙamus na jere a kantata, sayar da shi nake yi, ko leda ban taɓa cire wa ɗaya ba. Wannan ba laifin Ingila ba ne.

Akwai wanda ya fi wannan zafi. Wani ya kawo in buga masa katin addu'ar mahaifinsa da Turanci, saboda abokan aikinsa da ba sa jin Hausa. Na sa "diseased", mai cuta, inda ya kamata in sa "deceased", marigayi. Sai da aka raba wasu aka lura. Na sake bugawa da kuɗina, na ba da haƙuri, amma mutumin bai ƙara takowa shagona ba. Ko da yake shi ma ya karanta kafin ya karɓa, kuma ya fi ni boko. Duk da haka hannuna ne ya buga.

Kunnenmu ma yana taimaka wa shaiɗan. Bahaushe bai raba P da F, shi ya sa pull da full suke haɗe mana. V kan koma B, vote ya zama boat. Think ya zama sink, mai tunani ya nutse. Leave da live, cease da seize, lose da loose, duk nan muke zamewa. Ba wai Hausa ba ta da irin wannan ba: akwai gari na zama da gari na tuwo, wuya ta wahala da wuya na jiki, kuka na hawaye da kuka ta miya. Ba ma ruɗewa saboda mun sha su a nono.

Na yi niyyar jero muku shawarwari goma, 'ya'yana, amma na san ba za ku kai ta huɗu ba, ku da bidiyon minti biyu ma sai kun tsallake shi. Kada ka yarda da kunnenka. Kada kuma ka yarda da wayarka, don ita harafin da ya ɓace take kamawa, ba ma'anar da ta ɓace ba. Principle kalma ce ta gaske, me zai sa ta ja mata layi? Ajiye wayar nan ka ɗauki ƙamus. Ko da yake, gaskiya, ƙamusun da ke cikin wayar sun fi nawa, har furta maka kalmar suke yi. To buɗe su mana! Kuna da datar kallon rawa har asuba, amma duba kalma ɗaya ya gagare ku.

Kada ka ji kunyar harshenka, ba wanda aka haifa a Zazzau da bakin Landan. Amma ka gyara P ɗinka kafin ka shiga intabiyu, don masu ɗaukar aiki ba su da haƙurin da nake da shi, ni ma ba wani haƙuri ne da ni ba. In kalma ta yi maka girma, sauke ta ka ɗauki ƙarama. Kuma in wanda ka raina ya ce maka "da A ne ko da E?", tsaya ka duba.

Yaron ya gyara biyu. A kan carrier kuwa ya tsaya yi mini gardama, wai haka ya gani a takardar abokinsa, kuma abokin ya samu aiki. Na kama hannunsa na kai shi bayan shago na nuna masa tsohon allon, wanda nake ɗora janareto a kansa. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Kawu, to mene ne kuskuren a nan?"