Daren da Kukan Uwa Bai Taɓa Ni Ba

Duk wanda ya yi aikin jinya a ɗakin yara ya san watan Satumba. Damina ta yi nisa, sauro ya samu wuri, ana ta shigo da yara suna jijjiga, wasu tafin hannunsu fari fat saboda zazzaɓi ya shanye jini. Gado ɗaya yara biyu, uwaye kan tabarma a baranda. Dutin dare kuwa mu biyu ne rak har gari ya waye. Shekarata ta huɗu ke nan a ɗakin.

Wani dare wajen ƙarfe uku, yaro ɗan shekara biyu ya cika, babansa na waje yana neman wanda zai ba da jini. Na cire masa kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa, na lulluɓe shi da zanin uwarsa, na ce, "Sai haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne." Ta fashe da kuka. Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne an samu gado, a shigo da na baranda. Na rubuta lokaci a folda, na koma na ƙarasa shinkafata. Ko ɗar ban ji ba.

Na ɗauka gogewa ce. Tun muna makaranta ake gaya mana aikin nan sai mai dakakkiyar zuciya. Sai dai abin ya biyo ni gida. 'Yata ta kawo littafinta in duba mata, na daka mata tsawa. Barci ya ƙaurace mini. In na kwanta sai in riƙa jin ƙarar injin oksijin. Da safe mai adaidaita sahu zai tsaya, in ji kamar in juya gida. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne haushin uwaye da na fara ji: don me sai yaro ya kwana uku ana jiƙe-jiƙe kafin a kawo shi? Alhali na san wata ko kuɗin mota sai ta ranto.

Shugabar ɗakinmu, dattijuwa ce da ta kusa ritaya, ta tsare ni wata safiya bayan mun miƙa aiki.

"'Yar nan, yaushe rabonki da kuka?"

"Anti, ai mun saba."

"Wannan ba sabo ba ne. Rijiya ce ta ƙafe."

Ta tuna mini cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma babu wanda ya kai shi haƙuri. Na daɗe ina juya maganar. Ashe duk shekarun nan haɗiyewa nake yi, ina kiransa haƙuri.

Daga baya na ji cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali, wanda ake kira "burnout" da Turanci, da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, janyewar zuciya daga aiki, da raguwar ingancin abin da mutum ke yi. Ta kuma ce tushensa matsin aiki ne da ya daɗe ba a magance ba. Wannan ya sauke mini nauyi, domin akwai waɗanda suka ce raunin imani ne, in ƙara addu'a. Addu'a na ƙara, kuma ta riƙe ni. Amma ban yarda a ɗora wa nas biyu aikin mutum shida ba, sannan in sun durƙushe a tuhumi imaninsu.

Na karɓi hutun shekara da na yi ta ɗagawa, na tafi gidan Innarmu, na yi kwana uku ba abin da nake sai barci. Da na dawo, ni da abokiyar dutina muka yi alkawari: duk yaron da ya rasu a hannunmu, za mu tsaya minti biyar a bakin famfo, mu ambaci sunansa, kowa ta faɗi abin da ke ranta.

Watan jiya wata yarinya ta rasu da asuba. Na zauna kan tabarma kusa da uwarta, ta riƙe hannuna, muka yi kuka tare. Sannan na wanke fuska na nufi gado na bakwai, inda ƙarin ruwa ya kusa ƙarewa.