Hasashen wasannin Kofin Stanley: yadda ake lissafin, da inda yake rushewa

Duk sanyin da ake yi a Jos, ba mu da filin ƙanƙara, don haka 'yan tsirarun da ke bin wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara a garin nan a waya suke kallonsa, cikin dare. Wasan da aka take da bakwai na yamma a New York ko Toronto, sha biyun dare ne a wurinmu, na yammacin Amurka da Kanada kuwa sai wajen ukun dare, a tashi gab da asuba. Da watan Afrilu ya raba, tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakaninmu: wa zai fitar da wa? Yawanci sai mutum ya buɗe teburin maki, kamar yadda ya saba da gasar Firimiya, ya nuna ta sama ya ce ita ce. Daga nan kuskuren yake farawa.

Ga tsarin a taƙaice. Gasar NHL, babbar gasar wannan wasa a Amurka da Kanada, tana da ƙungiyoyi 32, 16 ne ke shiga wasannin fitar da gwani, takwas daga gabas, takwas daga yamma. Kowane karo wasa bakwai ne, wadda ta riga cin huɗu ta wuce. Zagaye huɗu ne, wato sai an ci wasa 16 a ɗauki kofi, shi ne Kofin Stanley. Yawanci wadda ta fi maki ita ke karɓar baƙuncin wasa na 1 da na 2 da na 5 da na 7.

Teburin maki yana ruɗi ne domin dokar da aka tara makin da ita ba ita ake bi a wasannin fitar da gwani ba. A cikin kaka, wato wasannin tara maki kafin fitar da gwani, idan aka tashi kunnen doki, ana ƙara minti biyar mutum uku da uku, in ba a ci ba a je bugun daga kai sai gola, kuma wadda aka doke a nan tana tafiya da maki ɗaya. Da an shiga fitar da gwani duk wannan ya kau. Ƙarin lokaci minti 20 ne, mutum biyar da biyar, a yi ta maimaitawa har sai an zura ƙwallo. Saboda haka ƙungiyar da ta cika aljihu da makin uku da uku da na bugun daga kai sai gola, ta tara kuɗin da ba a karɓa a wannan kasuwa. Abin da za ka fara dubawa shi ne yawan wasannin da ta ci a cikin minti 60 na ainihi, da bambancin ƙwallayen da ta ci da waɗanda aka zura mata, bayan ka cire waɗanda aka jefa a raga babu gola a ƙarshen wasa.

Tarihi ma ya gaya mana haka. Tun 1986 ake ba ƙungiyar da ta fi maki a kaka kofin da ake kira Presidents' Trophy, kuma daga lokacin zuwa 2025 sau takwas kacal mai wannan kofi ta haɗa da Kofin Stanley, ta ƙarshe ita ce Chicago a 2013. Tampa Bay ta ci wasa 62 a kakar 2018/19, Columbus ta share ta huɗu da nema a zagayen farko. Boston ta ci wasa 65, ta tara maki 135 a 2022/23, abin da ba a taɓa yi ba, ta kai ga jagorancin uku da ɗaya a kan Florida mai maki 92, amma Florida ce ta wuce. Wasu na cewa kofin ne ke da baƙin jini. Ba haka ba ne, lissafi ne kawai, kuma ga shi.

Ɗauki ƙwallayen da ƙungiya ta ci ka ninka su da kansu, haka ma waɗanda aka ci ta, sai ka raba na farkon da jimillar biyun. A ce ƙungiya ta ɗaya ta ci 270 an ci ta 230: za ka samu 72,900 a kan 125,800, wato kashi 58 cikin 100. Ta biyu ta ci 255 an ci ta 240, tana da kashi 53. Wannan shi ne ƙarfin kowace idan ta haɗu da matsakaiciyar ƙungiya. Don ka haɗa su da juna, ninka nasarar ta ɗaya da rashin nasarar ta biyu, 0.58 sau 0.47, ya ba ka 0.273. Juya, 0.53 sau 0.42, ya ba ka 0.223. Raba 0.273 da jimillarsu, za ka ga ta ɗaya tana da kashi 55 na cin kowane wasa guda. Waɗannan alƙaluma misali ne na ƙirƙira don nuna hanya, amma irin tazarar da ake yawan gani ke nan tsakanin ƙungiyoyin da suka kai wannan mataki.

To kashi 55 a wasa guda, nawa ne a karon wasa bakwai? Kashi 61. Idan ta fi ƙarfi sosai har tana da 60 a wasa guda, karon ya zama 71. Sai tana da 65 a kowane wasa, abin da ba kasafai ake samu ba, kafin ka ce tana da 80. Ka tsaya ka dubi wannan da kyau, domin shi ne gishirin maganar. Ƙungiyar da ta fi, a fili, za a fitar da ita sau huɗu cikin goma ba tare da wani abin mamaki ya faru ba. In kuwa kana so ta tsallake zagaye huɗu a jere da kashi 61 kowanne, ka ninka 0.61 sau huɗu, abin da ya rage bai kai kashi 14 ba. Ko mai kashi 71 a kowane zagaye, ɗaya bisa huɗu ne rabonta. Duk wanda ya ce maka yana da tabbacin kashi 90 a kan wani karo, bai zauna da biro da takarda ba.

Haka zancen yawan wasannin da za a buga. A misalin nan na 55, damar ta ɗaya ta gama a wasa huɗu kashi 9 ne, a biyar kusan 16 da rabi, a shida 18 da rabi, a bakwai kusan 17. Shi ya sa masana suka fi cewa "a wasa shida", ba don sun hango wani abu ba, shi ne dai mafi rinjaye da ɗan kaɗan. Wanda ya faɗi mai nasara da adadin wasanni daidai, ya dace ne a abin da damarsa ba ta kai ɗaya cikin biyar ba.

Bambancin ƙwallaye mafari ne, yana buƙatar gyara, kuma nan ne aikin yake. Ƙwallaye ba su da yawa a wasan nan, sa'a tana shiga ciki ƙwarai, don haka ake duba hare-hare. Shafuka irin su Natural Stat Trick da MoneyPuck suna ba da su kyauta, kuma ba sa cin data da yawa. Ka zaɓi yanayin biyar da biyar, domin a haka ake buga mafi yawan mintunan wasa. Corsi yana ƙirga duk bugun da aka kai, wanda ya nufi raga da wanda ya kauce da wanda aka tare. xG kuma yana auna kowane bugu gwargwadon wurin da aka yi shi da irinsa, ya faɗi ƙwallo nawa ya kamata a ce an ci. Ƙungiyar da ke da kashi 54 ko 55 na xG tana danne abokan karawarta da gaske. Ka tabbata ka danna wurin da ke gyara alƙaluman bisa yanayin ci, saboda ƙungiyar da ake ci tana yin ruwan bugu, wadda ke gaba kuma tana ja da baya, in ba a gyara ba sai raunanniya ta fito kamar jaruma.

Sai PDO, wato ka haɗa kason bugun da ƙungiya ke mayarwa ƙwallo da kason da golanta ke tarewa. Matsakaicin gasar baki ɗaya 100 ne dole, tunda ƙwallon da wani ya ci wani aka ci. Idan ka ga ƙungiya a 102 ko 103 alhali xG ɗinta na wajen 50, ka rage mata, domin wani ɓangare na makinta aro ne. Idan ka ga mai xG 55 da PDO 98, wannan ce ake raina wa, kuma ita ke ɓata wa mutane hasashe. Los Angeles ta 2012 ita ce misalin da kowa ke kawowa: ta shiga a ta takwas a yamma, tana mamaye wasa amma ƙwallo ta ƙi shiga, ta sauya koci zuwa Darryl Sutter a Disamba, ta ɗauko Jeff Carter a Fabrairu, sannan ta ɗauki kofin da cin 16, rashin nasara huɗu. Wannan ya kawo wata ƙa'ida: ka ba wasanni 25 zuwa 30 na ƙarshen kaka nauyi fiye da na Oktoba, musamman bayan rufe kasuwar 'yan wasa a farkon Maris. St. Louis ita ce ta ƙarshe a teburin NHL a farkon Janairun 2019, a Yuni kuma ita ta ɗaga kofi. Amma kada ka watsar da sauran kakar saboda wasa goma masu kyau, goma ba sa auna komai.

Gola shi ne ramin da kowane lissafi ke faɗawa. A takarda, tsakanin mai tare kashi 91.5 da mai tare 90.5, idan ana buga musu 30 a wasa, ƙwallo 0.3 ne, wato kusan biyu a wasa shida. Abin a saka a lissafi ne, ni nakan ce a motsa kashi ɗaya ko biyu a wasa guda, kuma a auna gola da shekara biyu ko uku, ba da watan jiya ba. Matsalar ita ce a cikin mako biyu kowane gola na iya zama bango. A 2010 Washington ce ta fi kowa maki, tana gaba da uku da ɗaya a kan Montreal, sai Jaroslav Halak ya tare bugu 131 cikin 134 a wasanni ukun ƙarshe, 53 daga ciki a wasa na shida kaɗai. Washington ta yi duk abin da alƙaluma ke so, aka fitar da ita. Babu hanyar hango wannan, abin da za ka iya kawai shi ne ka bar masa wuri, ka ƙi kai hasashenka sama da kashi 70 sai da hujja mai nauyi.

Rinjayen mutum ɗaya, lokacin da aka kori ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu, yana ɗaukar ido amma kada ya ja ka da nisa. Edmonton ta kafa tarihi da zura ƙwallo a kashi 32.4 na irin wannan dama a 2022/23, duk da haka Vegas ta fitar da ita a wasa shida, domin a biyar da biyar Vegas ta fi ta zurfi. Wasan gida ma haka. Amfaninsa na gaske shi ne kocin gida ne ke sauya 'yan wasa a ƙarshe idan an tsaya, sai ya zaɓi wanda zai tare tauraron baƙi. Ƙara kashi biyu ko uku a wasannin gida ya isa. Boston ta ci wasa na bakwai a Vancouver a 2011, St. Louis kuma ta ci nata a Boston a 2019.

Raunin 'yan wasa kuwa ɓoye shi ake yi. Ƙungiya za ta ce "saman jiki" ko "ƙasan jiki" ta ja bakinta, sai an gama a ji gaskiya. Patrice Bergeron ya buga wasan ƙarshe na 2013 da karyayyen haƙarƙari, Matthew Tkachuk ya buga a 2023 da karyayyen ƙashin ƙirji. Abin da ke tona asiri shi ne mintuna: idan mai tsaron bayan da ya saba minti 25 ya sauko 18, ko ɗan tsakiya ya daina tsayawa karɓar ƙwallon da alƙali ke saki, akwai magana. A ɗaya gefen, ka duba wanda zai dawo. Nikita Kucherov bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar 2020/21, ya dawo a fitar da gwani ya fi kowa maki na cin ƙwallo da bayar da ita a ci, Tampa Bay ta riƙe kofinta. Alƙaluman kakar ba su san da shi ba.

Idan karo ya fara, kada wasa ɗaya ya sa ka yaga takardarka. Ka bar ƙarfin yadda ka auna shi, ka sake lissafin wasannin da suka rage. Wadda ake ci uku da ɗaya, in ƙarfinsu ɗaya, tana da ɗaya bisa takwas. Uku da nema kuwa ɗaya bisa sha shida ne a takarda, a aikace sau huɗu aka taɓa farfaɗowa: Toronto 1942, New York Islanders 1975, Philadelphia 2010, Los Angeles 2014. Edmonton ta rama uku a karon ƙarshe na 2024, Florida ta doke ta biyu da ɗaya a wasa na bakwai.

Wata magana da ba zan tsallake ba, ganin yadda shagunan caca suka cika unguwanninmu daga Terminus har Bauchi Road. Ban rubuta wannan don kowa ya kai kuɗinsa can ba. Ban da hukuncin addini da muka sani, kamfanonin suna da duk waɗannan alƙaluma da waɗanda suka fi su, kuma sun riga sun cire ribarsu a cikin farashi. Mai kashi 61 a hannu ba shi da abin da zai ci da shi.

Don ka san ko kana ƙwarewa, rubuta hasashenka da lamba kafin a take wasan farko, ka sa kwanan wata. Bayan karo, idan wadda ka ba kashi 61 ta wuce, cire 0.61 daga 1 ka ninka sakamakon da kansa, 0.15 ke nan. Idan ta faɗi, ninka 0.61 da kansa, 0.37. Ƙarami ya fi kyau. Wanda ya ce 50 da 50 a kowane karo yana samun 0.25, don haka matsakaicinka ya zauna ƙasa da wannan. Wanda ya ce 90 kuma aka fitar da tasa, 0.81 ya hau kansa, sai ya yi daidai sau da yawa kafin ya goge shi. Karo 15 ne kawai a shekara, takwas da huɗu da biyu da ɗaya, saboda haka sai ka tara na kaka uku ko huɗu a littafi guda kafin lambar ta fara gaya maka wani abu game da hanyarka.