A Kan Tayil Ɗin Falonmu Na Gane Gangarar Layi

Saura wata biyu mu zauna jarrabawar WAEC malamin lissafi ya ba mu aikin gida: a nemo lissafin layin da ya ratsa ta (4, 1), ya kuma gitta layin 2x + 3y = 6 a kusurwa mai digiri 90. Dokar kam na haddace ta tamkar karatun allo: a kifa gangarar, wato lambar da ke nuna karkatar layi, a sauya mata alama. Sai na ɗauki 2 ɗin da ke jikin x a matsayin gangara, na kifa, na samu −1/2. Da jan biro littafina ya dawo, abin ya tsaya mini a rai.

Da daddare a gidanmu na Tudun Wada, an ɗauke wuta, ina ta fama a gaban fitilar caji, sai ga yayana, wanda aikin shimfiɗa tayil yake yi a Rigasa. Na karanta masa tambayar.

"Sauko ƙasa, ƙanwata," in ji shi.

Ya dafe bakin igiya a mahaɗar tayil, ya ƙirga uku zuwa dama, biyu zuwa gaba, ya ja ta can. Gangara 2/3 ke nan. Ya ɗauko wata igiyar daga wuri guda, ya ƙirga biyu zuwa hagu, uku zuwa gaba. Da ya saka sukwayarsa ta auna kusurwa mai digiri 90 tsakaninsu, ta zauna daram.

"Yaya, ashe ukun da biyun musanya wuri suka yi!"

Komawa hagun nan kuwa ita ta haifi alamar ɗebewa, −3/2. In ka ninka 2/3 da −3/2, −1 za ka samu. Haka kowane layi biyu masu irin wannan haɗuwar suke, ban da na kwance da na tsaye, don na tsaye ba shi da gangarar da za a rubuta da lamba.

Kuskurena ashe tun farko ne: ban ware y ita kaɗai ba. Da na ware, y = (−2/3)x + 2 ta fito, gangara −2/3, ta abokin haɗuwarsa 3/2. Na rubuta y − 1 = (3/2)(x − 4), na ninka ko'ina da 2, na tattara: 3x − 2y = 10. Kafin in rufe littafin na zuba 4 da 1 a ciki don in tabbatar, 12 a ɗebe 2, goma cif. Yaya na naɗe igiyarsa ya ce in kai wa malam da sassafe.