Baƙin Gindin Tukunya da Harshen Wutar Gaz

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida innata a unguwar Birni, na tarar da ita tana dirzar gindin tukunya da toka tana mita. Ta ce, "Ɗan nan, kai da kake koya wa yara kimiyya, na bar itace don in huta da baƙi, ga shi gaz ɗin ma ya koma yi mini kunkunniya. Anya mai sayarwar nan bai gauraya shi da wani abu ba?" Na ce, "Inna, a kunna mu gani." Wutar ta tashi doguwa, ruwan ɗorawa, tana lilo kamar ta aci-balbal. Da na kwance kan rishon, sai ga ƙurar hunturu da saƙar gizo-gizo sun toshe kafar da iska take shiga.

Mai sayarwa ba shi da laifi, domin babu baƙi ko ɗigo a cikin tulun gaz. A cikin harshen wutar ake ƙera shi. Butan, wanda yake cikin gaz ɗin girki, kowace ƙwayarsa tana ɗauke da kabon 4 da haidirojin 10, kuma kafin awo ɗaya nasa ya ƙone ƙurmus sai ya sami kusan awo 31 na iska, saboda oksijin kashi 21 cikin ɗari ne kawai na iskar da muke shaƙa. Idan iskar ta gauraya da gaz tun kafin su isa bakin wuta, harshen yakan fito gajere kuma shuɗi. Wannan ita ce dabarar murhun masanin kimiyya Robert Bunsen na shekarar 1855 a Jamus, ita ce kuma take cikin rishon inna.

Idan iska ta yi ƙaranci, zafi yakan farfasa ƙwayar butan ba tare da ta sami oksijin da zai cinye ta ba, sai a sami tarin ƙananan gutsattsari. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne asetilin, mai kabon 2 da haidirojin 2, gaz ɗin nan da masu walda suke samu idan suka zuba wa kabayid ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfarsu ya ga yadda baƙin hayaki yake tashi lebatu-lebatu idan suka kunna shi kafin su buɗe oksijin. Akwai kuma wani gutsure mai kabon 3 da ake kira furofajil, wanda idan biyu suka haɗu sukan naɗe su zama zobe mai kusurwa shida, wato benzin. Samuwar zoben farko ita ce mai wuya. Da zarar ya samu, sai ƙwayar haidirojin da take yawo ta fizge ƴar'uwarta daga gefen zoben, asetilin ya cike gurbin, a sake fizgewa a sake cikewa, har zobe na biyu ya rufe. Masana kimiyya Michael Frenklach da Hai Wang ne suka tsara bayanin wannan hanya dalla-dalla a 1991. Mai zobe biyu shi ne naftalin, wato farin kafur ɗin da mata suke sakawa cikin adakar tufafi, abin da kullum yake ba ɗalibaina mamaki; mai huɗu shi ne firen. Haka zobba suke jeruwa kamar saƙar zuma, su dunƙule su zama ƙwayoyi, duk kafin ƙiftawar ido. Waɗannan ƙwayoyi ne suke yin jajir da zafi su ba wuta launin ɗorawa, kuma idan suka ci karo da gindin tukunya, wanda bai kai su zafi ba, sai su manne kafin su ƙarasa ƙonewa.

Ni dai tukunyar ba ta dame ni kamar ɗakin ba. Da sanyin nan inna takan shigar da risho ciki ta tura ƙofa, alhali wutar da take ƙarancin iska tana fitar da kabon monoksaid, wani gaz mai guba wanda ba shi da launi ba shi da wari. Wasu daga cikin masu zobban nan kuma, musamman wani mai zobe biyar, suna haddasa ciwon daji. Tun 1775 likita Percivall Pott ya lura da cutar a jikin masu sharar bututun hayaƙi a Landan.

Na goge kafar da tsinken tsintsiya, na busa, na mayar da kan rishon. Wutar ta zauna shuɗiya tana huci a hankali. Inna ta duba gindin tukunya bayan ruwa ya tafasa, ta ce to, almajiran da suke zuwa kankarar baƙi don haɗa tawada da ƙaro sai su koma gidan maƙwabciya mai murhun itace.