Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Gidan da Maigida ke Kwanan Gardi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Makon jiya mun tsaya a shekarar farko ta zama da likita a Yamai. Yau zan ɗan ajiye labari, in amsa tambayar da ta fi yawa: yaya ake riƙe irin wannan gida?

Komai yana farawa ne daga takardar gardi, wato jadawalin ranakun da likita zai kwana yana aiki a asibiti. Ranar da aka liƙa ta, maigida ya ɗauki hotonta ya turo, uwargida ta kwafe a kalanda. Suna, biki da gaida surukai duk a ɗora su a kanta, a kuma sanar da dangi tun da wuri, don kada rashin zuwansa ya zama abin magana. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadajen yara, takardar ma takan canza, sai a rage alkawura.

A ranar gardi, kira ba ya da amfani sosai, don mai safar hannu a ɗakin tiyata ba ya taɓa waya. Saƙon murya na WhatsApp da bai wuce minti 1 ba, bayan isha'i, ya wadatar. Ku yi yarjejeniya: kira 2 a jere na nufin gaggawa, kuma kada a ɓata wannan alama a kan maganar cefane. Shi ma maigida akwai haƙƙi a kansa. Kafin ya shiga aiki mai tsawo ya rubuto "na shiga", idan ya fito ya ce "na fito".

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne washegari. Mutumin da ya kwana tsaye, ya miƙa marasa lafiya ga masu karɓarsa, ya ratso cunkoson gadar Kennedy daga unguwar Lamorde inda asibitin yake, ba ya jin magana ko da ya ce "to". Idonsa ja, rigarsa na warin magani. A ba shi ruwan wanka da fura mai sanyi, a kai yara gefe, ya yi barcin awa 4. Maganar kuɗin makaranta ko ƙorafi ta jira bayan la'asar. Ban yarda a riƙe ta har sati ba kuma, don nan ne take rikiɗa ta koma gaba.

Kada a tambaye shi wane ne ya kwanta, me ke damun wance. Amana ce a wuyansa. A tambaye shi ko ya ci abinci.

Mako mai zuwa in sha Allah za mu koma labari, daga ranar da takardar canjin wurin aiki zuwa Tahoua ta iso.